Kafin a Ja Kunama: Haƙƙin da Ke Wuyan Mafarauci

Shekaru dubbai ɗan Adam yana farauta, kuma a mafi yawan wurare abin da ya hana shi ƙarar da namun daji shi ne raunin kayan aikinsa. Kibiya tana da iyakar inda take kaiwa. Ƙafa tana gajiya, dare yana rufe ido, damina tana toshe hanya da ciyawa da taɓo. Ita kuwa barewa Allah ya ba ta hanci da kunne da gudu, sau da yawa ma ita ke yin nasara, maharbi ya koma gida hannu rabbana. Shi ya sa aka ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. To, yau ana cin zomo ba a ci gudun ba. Akwai bindiga mai madubin saiti da ke kai harsashi nisan ɗaruruwan mita, akwai motar da ke keta rairayi, akwai fitilar da ke ɗaure dabba wuri guda ta tsaya tana kallon ajalinta, akwai na'urar da ke nuna ɗumin jiki cikin baƙin duhu, ga jirgi marar matuƙi da ke leƙa bayan dutse. Shingayen da halitta ta kafa tsakanin maharbi da nama sun faɗi ɗaya bayan ɗaya. Saura biyu: doka, da abin da mutum ya hana wa kansa. Doka kuwa ba ta da ido a tsakiyar dawa. Ɗan kasuwa in ya tauye awo yana da abokin cinikin da zai kama shi, amma mafarauci shi kaɗai ne, sai bindigarsa, sai dabbar da ba ta da inda za ta kai ƙara.

Wanda yake ganin an cika maganar ya duba abin da ya sami farin maririn hamadar Larabawa. Ƙarni bayan ƙarni makiyayan hamada suna farautarsa a ƙafa da kan raƙumi, bai ƙare ba. Da arzikin man fetur ya kawo motoci da bindigogin zamani, sai aka koma bin garke da ayarin motoci har dabba ta zube don gajiya. A 1972 aka ga na ƙarshensa a dajin Oman. Sai da aka yi kiwon 'yan tsirarun da ke gidajen namun daji kafin a sake sakin wasu a Oman ɗin a 1982. Ɗan'uwansa na Sahel, mai dogayen ƙahoni masu lanƙwasa baya, shi ma mota da bindiga da fari da yaƙi suka taru a kansa. A 2000 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta ayyana cewa babu shi a daji ko ɗaya, sai a 2016 aka fara mayar da shi Chadi daga waɗanda aka yi kiwo a Abu Dhabi.

Abin da ya faru a Amurka ya fi wannan muni. A ƙarni na 19 akwai wata tantabarar daji da masana ke ƙiyasta yawanta da biliyan 3 zuwa 5, gungunta in ya taso yakan duhunta sama na sa'o'i. Wayar tangaraho ta riƙa sanar da 'yan kasuwa inda tsuntsayen suka sauka yin sheƙa, jirgin ƙasa ya riƙa kwasar su cikin ganguna zuwa birane. Ranar 1 ga Satumba 1914 ta ƙarshe ta mutu a keji, a gidan namun daji na Cincinnati. Baunar ƙasar, wadda ta kai miliyoyi masu yawa, an riƙa harbe ta don fata da harshe a bar sauran ya ruɓe a fili, har ƙidayar 1889 ta sami 1,000 da 'yan kai. Abin tsoro a labarin tantabarar shi ne babu maharbin da ya tashi da niyyar shafe ta daga duniya. Kowa yana ganin nasa kaɗan ne a cikin wannan ɗimbin yawa, kuma in ya bari wani zai kwashe. Wannan lissafi yana nan a zuciyar duk wanda ya ga sawu ya fara ƙaranci a dajin da ya saba shiga, ya ce bari in yi sauri in sami rabona kafin ya ƙare.

Ba na cikin masu cewa farauta a karan kanta laifi ce. Miliyoyin mutane a kurmin Kongo da na Amazon da ƙasashen ƙanƙara na arewacin duniya da ita suke samun naman da za su ci. A ƙasashen da aka kashe kyarkeci da sauran masu cin nama tun da daɗewa, barewa takan yi yawa har ta cinye tsiron daji, ta faɗa gonaki, ta haddasa haɗarin mota, rage ta ya zama dole. A Amurkar da aka yi waccan ɓarna, mafarauta suna cikin waɗanda suka goyi bayan dokar Pittman-Robertson ta 1937, wadda ta ware harajin da ake karɓa a kan bindigogin farauta da harsasai don farfaɗo da namun daji. Barewar ƙasar mai farar wutsiya, da ta ragu zuwa kimanin 500,000 a farkon ƙarni na 20, yau ana maganar miliyan 30. Saboda haka tambayar da ta dame ni ita ce: wane irin kisa ne ya cancanci a kira shi farauta?

A fara da dabbar da ke gaban bindiga, tunda ita ke ɗaukar nauyin kowane ganganci. Akwai karin maganar da ke cewa harbi ga wutsiya ya fi kuskure. A neman abin duniya gaskiya ce, samun kaɗan ya fi rashi. A dawa kuwa a juye take. In an kuskure dabba sarai, ta tsorata ta gudu, gobe tana kiwonta. In an same ta a wutsiya, ko a ciki, ko a muƙamuƙi, an yi dabbar da za ta shige sarƙaƙiya ta yi kwanaki tana mutuwa, ƙudaje na bin raunin, ko ta kasa tauna yunwa ta kar ta a bakin ruwa. Ba ta shiga tukunyar kowa ba, ba ta shiga lissafin kowa ba, kuma maharbin zai nemi wata ya cike gurbinta, dawa ta yi asarar biyu.

Wurin da ake nema a jikin babbar dabba yana bayan kafaɗa kaɗan, inda zuciya da huhu suke, faɗinsa a babbar barewa bai wuce santimita 20 zuwa 25 ba. Harsashin da ya ratsa huhu biyu yana kashewa cikin daƙiƙoƙi. Kai, wanda mutane ke ɗauka shi ne wurin kisa, ƙwaƙwalwar da ke cikinsa ƙarama ce, kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya. Saiti ya kauce kaɗan sai a farfasa baki a bar rai. Don haka maharbin kirki yana jira dabba ta ba shi gefe, ta tsaya cik, babu reshe a tsakani, nisan kuma bai wuce wanda ya sha gwada hannunsa a kai ba. In ɗaya daga cikin waɗannan ya ɓace, sai ya sauke bindiga ya bar ta ta tafi, ko da ya yini yana binta. A ganina mafi yawan ladabin farauta a nan yake, a harbin da aka fasa, kuma shi ne mafi wuya, don babu mai gani balle ya yaba.

In kuma an harba, aiki bai ƙare ba. Ƙara ta tashi, dabba ta zabura ta shige kurmi. Sabon shiga yakan bi ta a guje, ya tashe ta daga inda ta kwanta, ta yi amfani da sauran ƙarfinta ta yi nisan da ba za a sake ganinta ba. Gwani yana tsayawa, ya riƙe wurin da take tsaye a ransa, ya ba ta kamar rabin sa'a, sannan ya je ya durƙusa ya karanta ƙasa. Jini mai haske da kumfa, huhu ne, ba ta yi nisa ba. Jini mai duhu, hanta ce, a ƙara haƙuri. Ruwa-ruwa mai kore da ɓarɓashin ciyawa da ɗoyi, harsashi ya shiga tumbi, wannan sai an ba ta sa'o'i masu yawa, kuma ko zai kai wayewar gari dole a nemo ta. Ɗigo a bayan ganye, gashi a jikin ƙaya, sawun da ƙafa ɗaya ke ja a ƙasa, haka ake bi taki-taki. Wasu ƙasashe sun mayar da wannan doka. A Norwe mai farautar manyan dabbobi sai ya ci gwajin harbi na shekarar, kuma sai yana da hanyar samun karen da aka horar kan bin sawun dabba mai rauni. A Suwidin doka ta ce irin wannan kare ya zama zai iya isa wurin cikin sa'o'i biyu da yin harbi.

Musulmin da ya san addininsa ba zai ji wannan baƙon abu ba. A hadisin Shaddadu ɗan Ausu da Muslim ya ruwaito, Annabi (SAW) ya ce Allah ya wajabta kyautatawa a kan kowane abu, in za a kashe a kyautata kisa, in za a yanka a kyautata yanka, a wasa wuƙa a hutar da abin yankan. Da Adiyyu ɗan Hatim ya tambaye shi kan farauta da sanda mai tsini, ya ce abin da tsinin ya huda a ci, abin da gefen sandar ya buge ya kashe kada a ci. Abdullahi ɗan Mugaffal kuma ya ruwaito hanin harba tsakuwa, da dalilin cewa ba ta kama nama, ba ta cutar da abokin gaba, iyakarta ta karya haƙori ta tsiyaye ido. Wannan dalili ya shafi duk makamin da ke raunatawa ba ya kashewa: ƙaramin harsashi a kan babbar dabba, bindigar da ba a gyara saitinta ba, danƙon da yaro ke karya wa tsuntsu fiffike da shi ya tafi abinsa.

Idan da za a ce in zaɓi abu ɗaya da za a kawar daga dazuzzukan duniya yau, tarkon waya zan zaɓa. Da wayar birkin babur ko ta keke ake yin sa, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, mutum ɗaya yakan ɗana ɗaruruwa a hanyoyin da dabbobi ke bi zuwa ruwa. Zarge ba ya tambayar wa ya shigo. An ɗana shi don gada, ya kama damisa a kwankwaso, ko ɗan giwa a hanci, ko saniyar makiyayi a ƙafa. Dabba tana ja, waya tana ƙara nutsewa cikin nama har ta kai ƙashi, rana ta buɗe, ƙishirwa ta yi nata aikin. Mai tarkon ba ya iya zagaya su kullum, shi ya sa da yawa daga abin da suka kama ruɓewa yake yi a wurin. Wani rahoton 2020 na ƙungiyar kare namun daji ta WWF ya ƙiyasta cewa akwai irin waɗannan tarkuna sama da miliyan 12 a gandayen dajin Kambodiya da Laos da Biyetnam kawai, dazuzzukan da itatuwansu ke tsaye amma namun cikinsu sun yi ƙaranci ƙwarai. Guba ma haka. A watan Yunin 2019 an sami gawar ungulu 537 a Botsuwana bayan sun ci gawar giwaye uku da aka barbaɗa wa guba, domin ungulu in suna shawagi a sama suna nuna wa masu gadin daji inda aka yi ɓarna. Ga kuma cinna wa daji wuta don a koro 'yan ƙananan dabbobi, wutar ta cinye sheƙuna da 'ya'yan da ba su iya gudu ba, wani lokaci ta tsallaka gonar wani. Waya da guba da wuta duk abu ɗaya ya haɗa su, ba sa zaɓe, alhali zaɓe shi ne abin da ya raba mafarauci da annoba.

Shi zaɓen ma ilimi yake so. Kowa ya san wanda ya kashe mace mai ciki ko mai shayarwa ya kashe biyu ko uku da harsashi ɗaya, dalilin da ya sa kusan duk ƙasar da ke da dokar farauta take rufe daji lokacin haihuwa da reno. Abu Dawuda ya ruwaito yadda sahabbai suka ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa biyu a cikin tafiya, uwar ta zo tana karkaɗa fikafikai, Annabi (SAW) ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya ce a mayar mata da 'ya'yanta. Attaura ma, a Maimaitawar Shari'a, ta hana a haɗa uwar tsuntsu da 'ya'yanta a ɗauke. Amma wanda ya ce to shi ke nan, a harbi babban namiji ba a yi asarar komai ba, shi ma bai gama fahimta ba. In aka kashe zakin da ke riƙe da garke, zakokin da za su gaje shi sukan kashe 'ya'yan da ya bari don matan su sake ɗaukar ciki da wuri. Wannan ne ya sa Tanzaniya ta sa ƙa'idar kada a harbi zakin da bai kai shekara shida ba. Kuma in aka daɗe ana tsince masu manyan ƙaho ko haure, garken da kansa yakan sauya. A gandun Gorongosa na Mozambik, lokacin yaƙin basasar 1977 zuwa 1992, an kashe kusan kashi 90 cikin 100 na giwaye saboda haure. Kafin yaƙin, matan giwa marasa haure ba su kai ɗaya cikin biyar ba. A cikin waɗanda suka tsira sun kai rabi, suka kuma gadar wa 'ya'yansu mata.

Daga nan sai tambayar dalili: me za a yi da abin da aka kashe? Ibnu Abi Zaid a cikin Risala ya kawo hukuncin a taƙaice, cewa farauta don wasa makaruhi ce, don wanin wasa kuwa halal ce. Abdullahi ɗan Umar ya taɓa iske wasu samari sun ɗaure tsuntsu suna gwada harbi a kansa, ya shaida musu cewa Annabi (SAW) ya la'anci wanda ya mayar da abu mai rai abin gwada saiti. A jihar Alaska ta Amurka, inda babu ruwan doka da wannan hadisi, an isa kusan wuri ɗaya ta wata hanyar: barin naman da ake iya ci ya lalace a daji laifi ne mai hukunci, kuma ba a yarda mafarauci ya fitar da ƙaho daga inda ya yi kisa ba kafin ya kwashe naman. Wanda ya rubuta wannan sharaɗi ya san halin mutane, ya san in aka bar su ƙahon za su fara ɗauka, naman kuma a ce gobe.

Akwai wata ƙa'ida da mafarautan Turai da Amurka suke alfahari da ita, ta bai wa dabba damar tsira: ba a harbi daga cikin mota ko jirgin sama, ba a harbin dabbar da ke cikin shinge ko ta maƙale a ruwa ko tarko. Ƙungiyar Boone and Crockett, wadda Theodore Roosevelt da abokansa suka kafa a 1887, tana cikin waɗanda suka yaɗa ta. A Nuwamban 1902, yana shugaban Amurka, masu yi masa jagora a Misisipi suka jigata wata beyar suka ɗaure ta a jikin itace don ya harba, ya ƙi, ya ce wannan ba farauta ba ce, sai dai ya sa a ƙarasa ta don ta huta. Ana yawan ba da wannan labari. Wanda ba a cika bayarwa ba shi ne na tafiyarsa Afirka a 1909 zuwa 1910 don tara wa cibiyar bincike da adana kayan tarihi ta Smithsonian samfurori, inda shi da ɗansa suka kashe dabbobi 512. Mutum yana iya kiyaye ladabin yadda ake kisa ya manta da na yawan abin da ake kashewa.

Wani zai ce ita dabbar ina ruwanta da an ba ta dama ko ba a ba ta ba, mutuwa ɗaya ce, wanda ya harba daga kusa a kan mota ma ya fi saurin hutar da ita. Maganar tana da ƙarfi, kuma ba zan ɗora wa magidancin da ke neman abin da iyalinsa za su ci sharaɗin ya wahalar da kansa don burgewa ba. Amma ƙa'idar tana da amfanin da ya wuce burgewa. Dare, da nisa, da duhuwar kurmi su ne mafakar da ke sa wasu su tsira su hayayyafa; in an ƙwace su duka, labarin mariri za a maimaita. Inda aka watsar da ƙa'idar gaba ɗaya kuwa ana ganin abin da ake zama. A Afirka ta Kudu an yi kiwon dubban zakoki a keji, sun fi na dajin ƙasar yawa, wasunsu don a sake su cikin shinge baƙo ya biya ya harba. Sai a 2021 gwamnati ta sanar da aniyar kawo ƙarshen sana'ar. A Yulin 2015 an jawo wani zaki mai suna Cecil da mushe daga gandun Hwange na Zimbabuwe, yana sanye da abin wuyan masu bincike na Jami'ar Oxford, wani likitan haƙori Ba'amurke ya harbe shi da kibiya, ya yi sa'o'i da rauni kafin a ƙarasa shi. Hukumomin ƙasar ba su gurfanar da likitan ba, sun ce takardunsa sun cika. Takarda tana iya cika, aikin ya zama abin kunya.

Nan ne maganar kuɗi ke shigowa, kuma nan ne na fi ganin mutanen kirki sun rabu biyu. Hoton attajiri ya ɗora ƙafa a kan zaki yana murmushi yana ɓata mini rai, amma ɓacin raina ba hujja ba ne. Kenya ta haramta farauta a 1977, duk da haka binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna manyan namun dajin filayen kiwonta sun ragu da kusan kashi biyu cikin uku, saboda ƙaruwar jama'a da dabbobin gida da noma da fari. Namibiya kuwa ta yi dokar 1996 da ta ba al'ummomin karkara ikon cin moriyar namun dajin ƙasarsu, ciki har da sayar da izinin farauta kaɗan, yau akwai irin waɗannan yankuna sama da 80. A duwatsun Pakistan ana sayar da izinin harbin 'yan tsirarun tsofaffin markor, bunsurun dutse mai murɗaɗɗun ƙahoni, kashi 80 cikin 100 na kuɗin yana zuwa ga ƙauyukan wurin, waɗanda suka koma masu gadinsa. A 2015 IUCN ta sassauta matsayinsa saboda ya ƙaru. Botsuwana, mai giwaye kimanin 130,000, ta hana farauta a 2014 ta dawo da ita a 2019, har shugabanta na lokacin, Mokgweetsi Masisi, ya ce a 2024 zai aika wa Jamus giwaye 20,000 su gwada zama da su. Amma a Pakistan ɗin dai, a farkon 2014, rahoton jami'an gandun daji ya nuna wani ɗan gidan sarautar Saudiyya da tawagarsa sun kashe tujen hamada 2,100 cikin makonni uku, alhali izinin 100 ne. Kuɗi yana iya tsare daji, yana kuma iya sayen idon mai gadi. Abin dubawa a kowane wuri shi ne wa ya ƙayyade adadin, da wace ƙidaya, kuɗin aljihun wa ya shiga, kuma garken ƙaruwa yake yi ko raguwa. Kada kuma a manta da tsohon zalunci: dokokin da Turawan mulkin mallaka suka kafa a Afirka sun taƙaita raga da rami, kayan talaka, suka buɗe ƙofa ga mai lasisi da bindiga. Dokar da ke ɗaure mai neman abin miya ta yi wa mai dala maraba, mutanen bakin daji ba za su taɓa ɗaukarta tasu ba, kuma dokar da ba su ɗauka tasu ba ba ta tsare komai.

Haƙƙin mutane kuwa ba ya buƙatar dogon bayani, sai dai a nan rayuka ke salwanta. Ba a harbin motsi, ba a harbin ƙara, ba a harbin ido mai ƙyalli a hasken fitila, sai an ga dabbar sarai an kuma san abin da ke bayanta, don harsashin da ya wuce yana iya tafiyar kilomitoci. A Fabrairun 2006 mataimakin shugaban Amurka na lokacin, Dick Cheney, ya juya yana bin tsuntsu da bakin bindiga a Tekzas, ya watsa wa abokin farautarsa ɗan shekara 78 ƙwayoyin harsashi a fuska da wuya da ƙirji. Mutumin ya rayu, da yawa ba su rayu ba. Shi ya sa wurare da dama suka wajabta riga mai ruwan lemo mai haske, wadda mutum ke hangowa daga nesa amma idon barewa bai cika bambance ta ba. Neman izinin mai gona kafin a shiga, da tsare karnuka daga dabbobin mutane, da raba bindiga da maye, duk cikin wannan babi suke.

Akwai kuma cutar da harsashi ke yi bayan ya gama kisa, wadda aka daɗe ba a lura da ita ba. Dalmar da ake yin harsashi da ita in ta bugi ƙashi farfashewa take yi, ta watsu cikin nama ɓarɓashi-ɓarɓashi, wasu ido ba ya ganinsu. Agwagin ruwa suna haɗiye ƙwayoyin da suka zuba a fadama a matsayin tsakuwar niƙa abinci, su shanye su mutu. Ungulu da mikiya suna ci a kayan cikin da aka zubar. Katuwar ungulun Kalifoniya, mai faɗin fikafikai kusan mita 3, ta ragu zuwa 27 a 1987, aka kama su duka don kiwo, kuma har bayan an sake su gubar dalma ce kan gaba wajen kashe su. Amurka ta hana dalma a farautar tsuntsayen ruwa a 1991, Denmak ta hana ƙwayoyin dalma a farauta baki ɗaya a 1996, Kalifoniya ta hana harsashin dalma a kowace farauta a Yulin 2019, Tarayyar Turai ta hana ƙwayoyinta a fadamu a Fabrairun 2023. Mafarauta da yawa sun yi ƙorafin tsada da cewa tsofaffin bindigogi ba sa jure ƙwayoyin baƙin ƙarfe, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai naman nan gida ake kai shi, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce ba a san wani adadin dalma da ba ya cutar da yaro ba. Inda ake samun harsashin jan ƙarfe ko na baƙin ƙarfe, babu dalilin jiran doka. Inda ba a samu, a yanke naman da ke kewaye da hanyar harsashi da faɗi a zubar, kada a bai wa yara da mata masu ciki, kayan cikin kuma a binne su da zurfi yadda ungulu da karnuka ba za su tono ba.